Awar Kyauta a Gidan Baba

Invercargill,
Tsakiyar watan Yuni.

Zuwa ga ƙanena Struan,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Delwyn da yara, ya tsare min kai a ramin ma'adinan nan na Newman, ya dawo da kai gida kullum da yatsunka cif. Mu nan da sauƙi. Maigidana Noel yana fama da gwiwarsa kamar kullum, likita ya ce ya rage giya da nama, shi kuma ya rage zuwa wurin likita. Anti Coral ta koma gidanta a Gore bayan faɗuwar da ta yi, bakinta dai bai karye ba. Sanyi ya shigo da wuri bana. Tun watan jiya nake kankare ƙanƙara daga gilashin mota kowace safiya kafin in tafi aiki kantin magani, iskar kudu kuma sai ka ce da mu take gaba.

Na san za ka yi dariya ka ce Glenys ta tsufa, wa ke rubuta takarda a zamanin nan. Dalilina shi ne a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Da na fara sai ka ce, "Glen, ki sa hannu kawai mana, ni zan biya," sai kuma a kira ka bakin aiki. Takarda dai ba ka da yadda za ka katse ta. Maganar wutar gidan Baba ce, amma kada ka ɗauka kuɗi ne ke damuna. Tsoro nake ji kada sanyin bana ya tafi da mahaifinmu a cikin gidansa na Mataura, yana zaune a kujerarsa da kwat a jiki.

Ga yadda abin yake, tunda na lura rabi-rabi ka ji shi. Kamfanin wuta ya sanar cewa farashi zai sake hawa, wai ruwan madatsun da ke samar da lantarki ya ja baya, kuma ba su yi alkawarin nan zai tsaya ba. Sun ba Baba zaɓi zuwa ƙarshen wata. Ko ya ɗaure farashi na shekara biyu, ya ɗan fi na yau tsada amma ba zai motsa ba ko me ya faru, in kuma ya fita kafin wa'adi ya biya tara. Ko ya zauna a tsarin da yake kai, farashi ya yi ta hawa da shi yadda ya ga dama. Na zauna da Noel mun duba ta kowace fuska, kuma gaskiyarka ce, a lissafi ɗaurewa ta fi. Mutum mai cin fansho ba ya son abin da ke tashi ba sallama. Sai dai sabon tsarin ba shi da awar kyauta, kuma kai ba ka san abin da awar nan ta zama a gidan ba, domin rabonka da zuwa da sanyi tun jana'izar Mama.

Ka tuna Mama ce ta zaɓi tsarin nan mai ba da awa ɗaya kyauta kowace rana, ta sa ta daga ƙarfe biyu zuwa uku na rana don wanki da gashin burodi. A hannunta dabara ce ta mace mai tattali. A hannun Baba ta zama doka. Da ƙarfe biyu ta buga zai miƙe ya kunna komai: hitar falo, hitar ɗaki, tanda, injin wanki, injin busar da kaya, ya tafasa ruwa ya cika filas-filas da robobin ruwan zafi na gado. Ƙarfe uku ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kashe. Daga nan har gobe sai fitila da rediyo da bargo. Murhun itacen nan ya daina aiki tun da bututun hayaƙinsa ya tsage, ya kuma hana a gyara. Na yi faɗa, na yi lallashi, na taɓa yin kuka a kicin. Amsarsa ɗaya ce, wai shekara nawa ya yi a ɗakin ƙanƙara na mayanka yana saɓar gawar rago bai mutu ba, sai falonsa ne zai kashe shi?

Abin da ya sa na ɗan saki jiki a shekarun nan shi ne Raniera, maƙwabcinsa, tsohon mai askin tumakin nan da ya koya maka kamun kifi a bayan gada. Shi mitarsa ta kati ce, in kuɗi ya ƙare wuta ta ɗauke, fanshonsa kuma rabi yana tafiya wurin jikoki. Ka san shi, ko kofin shayi ka ba shi sai ya kawo maka kabeji washegari. Ba zai taɓa zama a ɗumin da wani ya biya ba. Amma awar kyauta ba wanda ya biya ta, Baba kuma ya san ta nan zai kama shi. Kullum sai ya leƙa ta katanga ya ɗaga murya, wai "Kai tsohon banza, taho mu ci kamfani, yau ma sun manta ƙofa a buɗe!" Raniera ya shigo da kwandon wankinsa yana cewa Mac, kai dai ɓarawo ne tun kana saurayi, ni shaida kawai na zo yi. Su gasa burodi da cuku, su saurari tseren dawaki, su zagi 'yan wasan ragbi na bana da ba su iya riƙe ƙwallo ba. Ƙarfe uku Raniera ya tafi da busassun kaya masu ɗumi da filas a hammata. Da haka tsofaffin nan biyu suka ƙetare sanyi bayan sanyi, kowa yana ganin shi ne yake yi wa ɗayan alfarma.

Ka ji rasuwarsa, ka aiko da furanni, iyalinsa kuma sun gode. Yadda ta faru ne ban gaya maka ba. A makon da aka yi wa Baba aikin yanar ido, shi Baban ya zauna a wurina, saboda ɗigon magani da komawa asibiti. Kafin mu taho ya kai wa Raniera makulli, ina tsaye, ya ce masa ƙarfe biyu ya shiga ya kunna komai, kada ya bar wa kamfani ko minti ɗaya. Raniera ya karɓa yana dariya, ya ce to shugaban ɓarayi. A makon ne aka yi sanyin nan da ya fasa famfuna a rabin garin. Matar da ke raba wasiƙu ce ta lura labulensa bai motsa ba. An same shi a kujera da kwat da hula, mita ta cinye, gidan kamar cikin firji. Likita ya ce zuciya ce, ni kuma ba likita ba ce. Makullin Baba yana kan teburinsa. Da muka buɗe gidan Baba komai yana yadda muka bar shi, ko kofi ba a taɓa ba. Bai shiga ba ko sau ɗaya. 'Yarsa Hinewai ta gaya min a wurin zaman makoki cewa ta yi masa waya a makon, ta tambaye shi ko yana zuwa gidan Mac, ya ce mata wuta kyauta ce amma gida na mutum ne, ba ya zama a falon wani mai gida ba ya nan.

Tun daga ranar Baba bai ƙara kunna komai da ƙarfe biyu ba. Na je wata Asabar na tarar da shi a falo, agogo ya wuce biyu da rabi, numfashinsa yana fita kamar hayaƙi. Na ce Baba, lokacin kyauta fa yana wucewa. Ya ce ya sani, idonsa ai an gyara, yana ganin agogo sarai. Na ce to me ya hana? Ya ce wa zai kunna wa? Duk shekarun nan ina ganin awar nan ce ke riƙe da shi, ashe shi don Raniera yake kunnawa, ɗumin da yake samu ragowa ce. Yanzu yana tari, irin mai zurfin nan da ke fitowa daga ƙasan ƙirji, yatsunsa kuma sun yi shuɗi-shuɗi a bakin farce. Na ce ya dawo wurinmu ko zuwa bazara, ya ce sau ɗaya ya bar gidan nan na mako guda, kowa ya ga abin da ya biyo baya.

Na kira kamfanin duk da haka don in ji komai da kunnena. Wata yarinya mai ladabi ta yi min bayani tiryan-tiryan, sannan ta tambaye ni, kamar yadda aka koya mata, ko mai gidan yana sa ran zama a wannan adireshi har shekara biyu masu zuwa. Na ce mata zan sake kira, na ajiye waya. Ba laifinta ba ne. Da na kai wa Baba zancen ya ce shi ko ɗanyar ayaba ya daina saye, don ba shi da tabbacin ganin nunarta, balle wutar shekara biyu. Da na ce ka ce za ka biya, sai ya haɗe rai, ya ce bai haifi ɗa don ya tona ramin wata ƙasa ya ɗumama masa ƙafa ba. Noel ya kawo shawarar mu ɗaure a ɓoye, mu ce masa har yanzu akwai kyautar, ko ma mu ce an ƙara ta zuwa yamma. Na so in yarda. Amma aikin idon nan ya yi kyau fiye da yadda muka roƙa, yanzu har ƙananan rubutun ƙasan takardar kuɗin wuta yake karantawa, da ƙarfi, yana gyara musu turanci. Ran da ya gano kowane minti kuɗi ne, ko nasa ko naka, hitar nan ta mutu ke nan har abada.

Sai na gwada wata dabara. Ranar Laraba na tashi aiki da wuri, na kwashi zannuwan gado da tawul, wankakku tas, na jiƙa su a baho na zuba a kwando, na kama hanyar Mataura. Na isa biyu saura kaɗan na ce masa injin busarwata ya lalace, ga shi kuɗin wuta ya hana ni sakat, ko zai taimaka min da awarsa. Ya dube ni da sabon idon nan, ya dubi kwandon, na tabbata ya gane. Ya dafa kujera ya miƙe, ya kunna injin, ya kunna hitar falo, ya kunna tanda, ya sauko da kofi biyu. Na biyun na Raniera ne, mai tsagaggen hannu, ya tsaya da shi a hannu kaɗan sannan ya ajiye min. Muka ci burodi da cuku, dokin da ya zaɓa ya zo na ƙarshe, ya zage shi har kakarsa. Na ga jini ya dawo fuskarsa. Ƙarfe uku daidai ya miƙe ya kashe komai, ina zaune, zannuwana ba su gama bushewa ba.

Saboda haka na yanke shawara ba zan ɗaure ba. Na san farashi zai hau, na san wataƙila kafin baɗi mu yi da-na-sani, kuma in hakan ta faru ka faɗa min duk abin da ka ga dama. Tunda sunanka da nawa duka suna kan asusun tun bayan Mama, ina roƙonka kada ka kira su ta bayan fage ka yi abin da kake ganin taimako ne. Awar nan ita kaɗai ce ƙofar da ta rage wadda ɗumi ke shiga gidan, kuma ba ta buɗuwa sai wani ya zo da buƙata a hannu. Na shirya da mai kantinmu zan riƙa zuwa Laraba da Asabar da Lahadi. Hinewai ta ce za ta kawo wankin yaranta ranar Litinin, ko da yake ban san yadda za ta iya zama a kujerar ubanta ba. Sauran ranakun babu kowa. Ko a ranakun da muke zuwa ma, awa ɗaya ce muke da ita, sauran yini da dare yana nan shi da bargo, ga Yuli ba ta ma shigo ba.

Ba kuɗinka nake nema ba, ƙanena. Kana da hutu da ka tara, Delwyn ta gaya min. Ka zo ka yi masa watan Yuli. Kai ka saba da zafin hamada, ba sai ka yi ƙarya ba, da ka sauka haƙoranka za su riƙa kaɗawa da gaske, kuma Baba bai taɓa iya ganin baƙo yana rawar sanyi a gidansa ba. Mutumin da ba zai kunna don kansa ba, wataƙila ya kunna don kai, har bayan ƙarfe uku. Ban tabbata ba, amma ba ni da wata dabarar da ta wuce wannan, kuma na gaji da jin gabana yana faɗuwa duk sanda waya ta yi ƙara da safe.

Ka gaishe min da Delwyn, ka ce na gode da hotunan. Ka gaishe da Tamsin da Rory, ka ce wa Rory kakansa ya manna hoton kifinsa a jikin firji. Noel yana gaisuwa, Anti Coral ma, ta ce in tambaye ka ko ka manta hanyar filin jirgi ne. Baba bai san na rubuto ba. Ranar Lahadi dai, yana kashe hita, ya tambaye ni ko can wurinku da ɗumi yanzu. Na ce sosai, har fanka kuke kunnawa da rana. Ya gyaɗa kai, ya ja bargo ya rufe gwiwa, ya ce to madalla, ko ba komai ɗayanmu ya tsira.

Taka yayarka,
Glenys