Kukan Birkin da Baba Bai Ji Ba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta koma faɗan da ta saba, yarana kuma suna nan suna cinye mu da surutu. Auta ya samu aikin da yake nema, yanzu sai an yi masa magana sau biyu yake amsawa.

Na ji saƙonka ta bakin Auta, cewa a karɓe makulli daga hannun Baba, a sayar da ƙaramar bas ɗinmu. Yaya, ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Na san tsoro ne ya sa ka faɗi haka, ni ma na tsorata, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bari ka ji yadda abin ya faru.

Ka san Baba ke kai yarana makaranta kowace safiya, kuma ka san shi da motar nan: shi ke yi mata juye, shi ke duba ruwa da iskar taya, da kunne yake gane ciwonta tun ba ta kwanta ba. To, an jima tayar gaba tana wani ƙara duk lokacin da ya taka birki, har yaran suka mayar da shi waƙa. Kowa a gidan nan ya ji. Na yi wa Mama maganar, ta ce wa zai koya wa Baba mota, ai ya fi mu ji. Auta ya ce shi ba zai tsoma baki ba. Ashe kunnen Baba ne ya yi nauyi, yana ta ɓoyewa, mu kuma kunya ta ɗaure mana baki. Ranar da abin ya faru, a gangaren makaranta ya taka birki motar ta ƙi tsayawa da wuri, sai da ta daki ginshiƙin ƙofa. Fitila ɗaya ta fashe, Allah Ya tsare babu wanda ya ji rauni.

Ni na raka shi gareji. Bakaniken ya cire tayar, ya ɗago takalman birkin sun cinye ƙarƙaf, ƙarfe yana cin ƙarfe. Cikin raha ya tambayi Baba yadda gwani kamarsa ya bar mota tana wannan ihu. Baba ya juya takalmin a hannunsa yana kallo. Wallahi zuciyata ta karye. Da muka dawo gida ya tambaye ni tun yaushe take kukan, ya ce in ɗaga murya in faɗi gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na faɗa masa. Ya ce kunnen bai ƙona masa rai ba, wannan na Allah ne. Abin da ya ƙona masa rai shi ne gida guda a ji, a yi shiru, alhali jikokinsa na cikin motar. Ya ce irin wannan ladabi ba ya so.

Tun daga ranar na ɗaura ɗamara. An sa sababbin takalma, an gyara faifan da suke kamawa, an sauya man birki da fitila. Ranar hutu na sa tsohuwar rigar Auta, na je na tsaya wa Baba a kan sai ya buɗe gaban motar. Da farko ya ƙi, ya ce malamar makaranta ina ita ina baƙin mai. Na ce ai allo ma baƙi ne. Muka tayar da injin, na ji wani siririn fito, na kwaikwaya masa da baki kusa da kunnensa, Mama tana daga ƙofa tana dariya har da riƙe ciki. Ya sa na maimaita, ya tambaya ko da sanyin safiya ya fi yi, na ce e. Nan take ya ce bel ɗin injin ne ya saki, ya nuna mini notin da zan ɗaure. Na ɗaure, fiton ya ɗauke. Da ka ga fuskarsa, Yaya, da ba ka sake maganar sayarwa ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kada ka ɗauka wasa nake da rayukan ’ya’yana. Yanzu ni ke tuƙi, shi yana gefena yana gyara mini hannu ko ban yi kuskure ba. Ya yarda za mu je wurin likitan kunne, kuma abin da likita ya ce game da tuƙinsa shi za a bi. Ko da bai sake riƙe sitiyari ba, motar tana hannunsa: ni in ji, shi ya gane, mu gyara tare. Idan aka sayar da ita, zaune zai yi a ɗaki yana kallon bakin mutane, ni kuwa ba zan bari ba.

Saura abu ɗaya, kuma na yi alkawarin ba zan sake yin shiru ba. Kiran da kake yi wa Baba duk mako, kana ba shi labari yana cewa to, madalla, ba ya jin ka. Ya daɗe bai ji muryarka sosai ba. In ka kashe waya sai ya zo ya tambaye ni me ka ce, ni kuwa ban ji ba. Ka rubuto masa da hannunka, da manyan baƙaƙe, ka faɗa masa duk abin da kake tsammanin ka riga ka faɗa.

Mama tana gaishe ka, Auta ma haka. Ka gaishe mini da Anti, da takwarar Mama, da ɗan rigimarku na goye. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai taurin kai.