Kwalaben Madam Irene

Gaithersburg, 9 ga Maris, 2012

Zuwa ga matata Atine,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya jikin Mama? Ya mutanen Pankshin?

Atine, akwai abin da na ɓoye miki. Tun gashin da likitoci suka yi mini a maƙogwaro bara, harshena ya mutu. Gishiri da sukari duk ɗaya nake jin su.

Kin san shekara goma sha ɗaya ke nan nake kula da jan ruwan inabin da mijin uwar ɗakina Madam Irene ya rasu ya bari a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Likita ya hana ta sha, don haka duk bayan wata shida nakan buɗe kwalba ɗaya in ɗanɗana, in gaya mata yadda yake nuna. Takan rufe ido tana saurare. Sau biyu ke nan ina yi mata ƙarya, ina maimaita bayanin da na yi mata a baya.

Saura kwalba takwas, kuma ta ajiye su ne don auren jikarta a watan Mayu. Jiya na ga toshiyar ɗaya ta jiƙe, launin ruwan ya fara komawa na ƙasa-ƙasa. Ko ya lalace, ko bai lalace ba, ban sani ba. In na faɗi gaskiya aikina ya tafi, inshorar asibitina ta bi shi, ga shi ban gama ganin likita ba. Abin ya tsaya mini a rai. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Choji

Gaithersburg, 2 ga Afrilu, 2012

Atine tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Na gode da wasiƙarki, na kuma bi shawararki.

Ranar Asabar na durƙusa gabanta kamar yadda muke yi wa manya a gida, na gaya mata komai. Sai ta sa na buɗe kwalba, ta kurɓa duk da hanin likita. Ta ce ya yi tsami, lokacinsa ya wuce. Da na yi magana bara, da an sha shi yana kan ganiyarsa. Ba ta yi faɗa ba. Kuka ta yi, tana kiran sunan mijinta.

Ba ta kore ni ba tukuna, amma ta karɓi makullin ɗakin, ta ce ɗanta Alexander zai kira ni. Yau kwana biyu ke nan ina zaune gaban waya.

Na san Mama tana buƙatarki, kuma kunyar roƙon nan nake ji. Amma ki roƙi Yaya Hannatu ta karɓe ki jinyar, ko na wata ɗaya ne. Ki dawo, Atine. Ba zan iya ɗaukar wannan kiran ni kaɗai ba.

Naki har kullum,
Choji