Wayar Auta

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Umma? Ya ƙarin haƙurinmu?

Ni lafiya lau. Aikin guga a otal ɗin nan ba laifi, tsayuwar ce kawai. Ki ce wa Umma ina cin abinci.

Kin tuna gasar karanta gajerun labarai ta intanet da Auta ya matsa min na shiga? Bibbiyu ake yi, kowa na ganin inda ɗan'uwansa ya kai. Kullum yana gabana, yana min tsiya. Tun da Allah ya karɓi abinsa, kowace safiya saƙo ke shigowa: "Abokin karatunki ya tsaya, ki ƙarfafa masa gwiwa." Na karanta har inda ya tsaya, na kasa wuce shi.

Jiya ina ninke zanin gado na duba wayata, sai na ga ya shiga labari na gaba. Yaya, sai da na zauna a ƙasa.

Na san wani ne a gida ke riƙe da wayarsa. Allah ya yi masa albarka. Kar ki gaya min ko wane ne. Ki dai ce masa ya ci gaba, ina biye.

Ƙanwarki