Kyamara ta Tara

Litinin, 4 ga Maris

An ture Mai Laima a lungun bayan kanti. Tsohuwar nan da ke ratsawa kullum da safe zuwa wurin tsayawar bas, ta dawo bayan la'asar. Mutum biyu suka fizge jakarta, ta faɗi, ƙashin ƙugunta ya karye. Mai shara ce ta tsince ta da ta fita zubar da ruwa.

Kyamara goma sha shida nake lura da su a ɗakin sa ido na kantin, shekara tara ke nan. Har Mai Ido ake ce mini. Ban ga komai ba.

Talata, 5 ga Maris

Ɗan sanda ya zo duba hoto. Ya zauna a kujerata ba tare da ya tambaya ba. Na kunna masa kyamara ta tara, wadda aka kafa saboda lungun. Muka yi ta kallon ƙofar sauke kaya da kwalaye, tun daga ƙarfe uku har biyar. Ya ce, "Malam, wannan me take gadi?" Na ce ai haka take.

Ba haka take ba. A nan dai zan iya rubutawa. A watan Disamba kwalayen man girki suka riƙa ɓacewa a ƙofar sauke kaya, Manaja ya sa ni gaba kamar ni ke sha. Na nemi a ƙaro kyamara, aka ce babu. Sai na ɗauki tsani na juya ta tara, ɗan juyi kaɗan, bai kai tafin hannu ba. Cikin kwana huɗu muka kama mai ɗauke man, har aka yaba mini a taro. Na ce zan mayar da ita in na samu sarari. Ban rubuta a littafin aiki ba.

Laraba, 6 ga Maris

Taro a ofishin Manaja. Ya ce a sa sarƙa da kwaɗo a ƙaramar ƙofar lungun, in babu mai wucewa babu wanda za a tura. Shugaban masu gadi ya ce mutanen unguwar baya duk ta nan suke bi, in an rufe sai sun zagaya ta babban titi. Manaja ya ce shi kanti aka ba shi, ba unguwa ba.

Ni na gyaɗa kai. Har da cewa "gaskiya ne, ranka ya daɗe." Daɗi na ji, wallahi. In an rufe ƙofa, wa zai sake tambayar inda ta tara take kallo?

Alhamis, 7 ga Maris

An sa kwaɗo. Ban iya cin abincin rana ba.

Juma'a, 8 ga Maris

Ta biyu tana kallon babban titi, don haka yau duk zagayen a idona aka yi shi. Titin nan ba a yi masa gefen masu ƙafa ba, daga kwalta sai kwalbati. Na ga mata da goyo suna raɓewa, na ga ma'aikaciyar asibitin nan da takan wuce a gurguje, yau gudu take yi sosai. Mutumin da ke tura mahaifinsa a keken guragu ya tsaya ya fi minti biyar yana jiran hanya. Wata babbar mota ta wuce kusa da su har hular tsohon ta tashi.

Abin da ke ba ni haushi: cikin kanti kyamara biyar ke kallon turare da madara. Ko gwangwani aka taɓa ina gani.

Na faɗa wa Uwargida labarin, rabi. Ta dube ni ta ce, "Kai in ka fara ba da labari kana kallon takalminka, akwai saura." Ta ce gobe za mu dubo tsohuwar, ko ina so ko ba na so.

Asabar, 9 ga Maris

Asibiti. Gado na uku daga taga, 'yarta na zaune a gefe tana yi mata fifita. Laimar tana jingine da bango, ashe ita ba su ɗauka ba.

Sau ɗaya muka taɓa magana da ita, shekara biyu da suka wuce. Ta ganni kan tsani ina goge gilashin ta tara, ta tambaya ko da gaske akwai mutum a bayan abin nan. Na ce ni ne. Daga ranar kullum in ta zo daidai wurin sai ta ɗaga laima sau biyu. Nakan yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Da na juya kyamarar, ko sau ɗaya ban tuna da laimar ba.

Ta gane ni nan take. "A'a, ɗana Mai Ido! Har da wahala?" Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce wa 'yarta, "Shi ne wanda nake gaya miki. Ko ranar ma sai da na gaishe shi." Sannan ta ce da tana kwance a ƙasa ba ta ji tsoro ba, don ta san ina gani, yanzu zan turo mutane. "Na ce wataƙila ka je salla ne."

Minti arba'in ta yi a kwance. Mai shara ta faɗa mini.

Ta tambaya ko na gane fuskokinsu. Na ce ana bincike, Mama. A hanyar gida Uwargida ta yi gaba abinta ta bar ni a baya, gara da ta zage ni.

Litinin, 11 ga Maris

Na faɗa wa Manaja cewa ni na juya ta tara. Ya rufe ƙofar ofis, ya ce, "Wa ya tambaye ka?" Na ce babu. Ya ce to in koma bakin aikina, maganar ta mutu a nan, ai don kanti na yi. Na ce na riga na kira ɗan sandan. Ƙarya ce, amma ina fita na kira shi don ta zama gaskiya.

Shekarata hamsin da uku, ina zan je in aka kore ni?

Alhamis, 14 ga Maris

Mutanen babban ofis sun zo, biyu, da kwat. Takardar gargaɗi, kuma an cire ni daga ɗakin kyamara. Da suka ce ko ina da magana, na ce a mayar da ta tara inda take, a buɗe ƙofar. Na nuna musu hoton tsohon da hularsa ta tashi. Ɗayan ya ce ba za a buɗe ba sai da mai gadi a tsaye, kuma ba su da mutum. Shugaban masu gadi ya yi tari, ya ce ai yanzu akwai wanda ba shi da kujera.

Ɗan banza. Na gode masa daga baya.

Lahadi, 17 ga Maris

Na koma asibiti ni kaɗai. Na faɗa mata duka, har da man girkin. 'Yarta ta tashi ta fita, ba ta ko kalle ni ba.

Tsohuwar ta juyo ta dube ni. Sai ta ce, "To wata uku wa nake gaisarwa?" Na ce babu kowa, Mama. Ta ce, "Kai, amma ka sa ni aikin banza." Ba ta yi dariya ba. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, kunya ta hana ni. Da zan tafi ta tambaya ko an buɗe ƙofar. Na ce gobe.

Likita ya ce ba lallai ta sake tafiya ba sanda ba.

Talata, 2 ga Afrilu

Sati biyu a bakin ƙofa, bakwai na safe zuwa shida. Ƙafafuna sun kumbura, Uwargida na jiƙa mini su a ruwan ɗumi tana tsiya, wai shekara tara ina zaune kamar buhu, yanzu na san aiki. Ba a kama waɗanda suka fizge jakar ba, kuma ba na jin za a kama su.

Na san masu wucewa yanzu. Tsohon keken guragu ashe kurma ne, ihu nake yi masa kafin ya amsa gaisuwa. 'Yar Mai Laima ta wuce jiya, ta ce an sallame su. Iyakar abin da ta ce ke nan, amma ta tsaya ta faɗa.

Na sayi laima, saboda rana, ba don komai ba. Yau da safe da na buɗe kwaɗo sai na ga na ɗaga ta sau biyu wajen ta tara. Ban san ko wanda ke ɗakin yana kallo ba. Na dai tsaya a wurin har ƙarfe shida.