Layin Inna da Sunanka Yake

Unguwar Sabon Gari,
Wudil, Jihar Kano.

Zuwa ga Yaya Yahuza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Sharifa da yara, Ya kuma sauƙaƙa maka zaman Fatakwal. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa Kausani ranar suyar gyaɗa. Kawu Labaran ya sayar da bijiminsa a kara, yanzu kullum yana zaune ƙofar gida yana yabon bijimin kamar ba shi ya kai shi ba.

Yaya, na gaji, shi ya sa na zauna na rubuto maka, don a waya kullum sauri kake yi. Ka san ɗan kamfanin da muka buɗe ni da Tasi'u, abokin karatuna, bayan mun gama jami'a a nan. Manhaja muka yi wa matan Kausani masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, yadda mai saye daga Kano zai yi oda ya biya mace kai tsaye, ba sai dillali ya shiga tsakani ba. Ƙananan kamfanoni irinmu ba mu da ƙarfin gina komai daga tushe. A kan abin da gwamnati ta riga ta shimfiɗa muke ɗorawa: lambar shaidar ɗan ƙasa ta tabbatar da mutum, hanyar tura kuɗi ta bankuna ta kai masa haƙƙinsa. Da haka ɗakinmu guda da janareta mai tari ya isa mu yi hulɗa da manya. Wani babban mai shago a Kano ya yarda zai riƙa ɗaukar man, da sharaɗin a yi wa matan rajista kafin azumi. In ba a yi ba zai nemi wasu, mu kuma mu rufe, don Tasi'u ya riga ya ce zai tafi Abuja neman aiki.

Ranar rajista matan suka ce ba mai sa lambarta a na'ura sai shugabarsu ta fara, wato Inna. Tunda yawancinsu ba sa karatu, mun tsara abin da murya: na'ura ta kira mace, ta ce ta faɗi sunan mai layin wayar, sannan a gwada da na gwamnati. Ni da karatuna na manta cewa kai ka saya wa Inna layin, da sunanka aka yi rajistarsa. Na'ura ta tambaya, Inna ta yi shiru. Ta sake tambaya, Inna ta ajiye wayar a kan tabarma ta ja mayafi. Ka san tunda ta haife ka ba ta taɓa kiran sunanka ba, kai ɗan fari. Matan suka yi ta dariya suna cewa na'urar ba ta da kunya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Kuma fa ba ita kaɗai ba, kusan rabinsu layin miji ne ko na ɗa.

Mun cire tambayar, wannan mai sauƙi ne. Amma dole layin ya dace da lambar shaidarta, kuma a ofishin kamfanin waya sun ce ba za su mayar mata da shi ba sai mai layin ya zo da kansa ya dangwala yatsa. Na sayo mata sabon layi da sunanta, ta ƙi karɓa. Na yi lallashi, na turo Kawu Labaran, har na yi fushi na ɗaga mata murya, Allah Ya yafe mini. Matan kuwa sun naɗe hannu suna jiranta.

Jiya tana tsince gyaɗa na sake yi mata maganar, na ce sana'ata ce za ta mutu. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce ta sani, kuma tana tausayina. Sai ta ce ɗakin “wancan”, kai ke nan, an zuba buhuna a ciki, gonarsa an ba da aro, kayansa ƙanne sun rabe, wannan layin ne kaɗai ya rage a gidan nan da sunansa. In za a cire, to shi ya zo ya cire da hannunsa, ta gan shi.

Yaya, daga nan na bar yi mata maganar sabon layi. Ka yi ƙoƙari ka zo kafin azumi, ko kwana biyu ne. Da farko don kamfanina na so ka zo, yanzu kuwa ko ya rufe ina so ka zo.

Ka gaida Anti Sharifa da Faruk da ƙaramar Murja. Kawu Labaran yana gaishe ka. Inna ta ce a gaida mutanen gidan, ka san wa take nufi.

Ƙanwarka,
Safara'u