Usur a Kwanar da Babu Kowa

Bulawayo, Talata

Yaya Zenzo,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kai da Sihle da yara kuna lafiya, sanyin Joburg bai kwantar da ku ba. Mu nan sai godiya.

Hutun bana mijina zai ja mu hawan tsohon jirgin ƙasa mai aiki da kwal, wanda ake fito da shi don masu yawon buɗe ido. Ka san Mduduzi da kyamara, ko gobara ce ta tashi a gida sai ya ɗauki hoto kafin ya nemi ruwa. Na matsa wa Baba ya biyo mu. Ya ce shekara talatin yana tuƙa abin nan, me zai kalla? Na ce jikokinsa.

Gaskiyar magana, Yaya, jikinsa ya ja baya ƙwarai. Ina tsoron ya tafi bai gaya mana yadda Mama ta rasu ba. "Ciwo ne," tun ina 'yar shekara huɗu amsar ke nan. Wannan karon ba zan ƙyale shi ba.

Ƙanwarka,
Nomalanga

Bulawayo, Lahadi

Yaya Zenzo,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta.

Jiya muka hau. Akwai abin da suke yi wa masu hoto: a tsayar da jirgi a daji, kowa ya sauka ya jeru a gefen dogo, jirgin ya koma da baya, sannan ya taho a guje yana aman hayaƙi. A wata kwana mai hawa suka tsaya. Baba ya leƙa ta taga, ya ce shi ba zai sauka ba. Ni da taurin kaina na kamo hannunsa na saukar da shi.

Da jirgin ya taho, sai direban ya ja usur sau uku, na ƙarshen dogo. Baba ya damƙe hannuna. Masu hoto suka hau ihu, "A sake! A sake!" har da Mduduzi. Aka sake, aka kuma sakewa. Sau uku tsohon nan yana tsaye yana jin usur ɗin nan.

Da jirgin ya tsaya na tambayi direban dalilin busa a nan, tunda babu mahaɗar hanya, babu gida. Ya yi dariya ya ce, "Anti, haka muka gada. Wanda ya koya mini ma bai sani ba. An dai ce kada a wuce kwanar nan shiru."

Sai na ji Baba a bayana ya ce, "Ni na fara."

Ashe bayan tudun nan ƙauyen su Mama yake, can muke zaune lokacin. Hawa yana rage wa jirgi gudu, don haka in ta ji usur uku sai ta fito da kwanon tuwo da nono ɗaure a ƙyalle, ta bi jirgin da sassarfa ta miƙa masa. Ran nan an yi ruwa. Ya kama ƙullin, ƙafarta ta zame a kan tsakuwa. Ya ce kwanon na hannunsa da ɗuminsa lokacin da taragu suka wuce ta kanta.

Bai daina busawa a wurin ba har ya bar aiki. Yaransa na aiki suka ɗauka.

Ban yi kuka a can ba, sai yanzu. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, kuma kunyar kaina ta ishe ni, don ni na tsayar da shi a wurin. In na rufe ido sai in ga mace tana gudu a gefen hayaƙi, ni da ban ma tuna fuskarta ba.

Ya roƙe ni in rubuta maka, wai bakinsa ba zai iya faɗa sau biyu ba. Na rubuta, amma ka zo gida, Yaya. Tun jiya yake tambayata ko kana ganin za ka iya kallon fuskarsa.

Ka gaida Sihle da yara. Allah ya kawo ka lafiya.

Taka ƙanwar,
Nomalanga