Ni Ne Mai Taka Birki, Yanzu 'Yata Ke Son Taka Mini

Assalamu alaikum, mai kula da wannan fili. Don Allah ki taimake ni da shawara cikin gaggawa, domin Asabar huɗu kacal suka rage mini, kuma kafin ki buga wasiƙar nan wataƙila ɗaya ta tafi. Na san an saba kawo miki rikicin aure da na surukai. Ni tawa matsalar ta jirgin sama ce. In dariya ta zo miki ki yi abinki, matata ma ta yi har da riƙe ciki.

Ni malamin koyar da tuƙi ne. Shekarata hamsin da takwas, ashirin da bakwai daga ciki na yi su ne a kujerar gefen direba. Ga wanda bai taɓa shiga motar koyo ba, birki biyu gare ta: ɗaya na ɗan koyo, ɗaya nawa. In ya nufi kwata, ni nake takawa. Na koyar da likitoci, na koyar da tsofaffi masu rawar hannu, na koyar da wata baiwar Allah da take rufe ido duk lokacin da babbar mota ta taho. Ban taɓa barin ɗalibi ya fasa ko fitila ba. Na faɗi wannan ne don ki san ba da shashasha kike magana ba.

Mako biyu da suka wuce motar autata ta lalace. A gida Injiniya muke ce mata, don tun tana rarrafe take kwance mana rediyo, kuma Allah ya yi abin da ta karanta ke nan. Mamanta ta matsa mini in kai ta wani fili a bayan gari inda ita da abokanta suke tayar da ƙananan jirage masu rimot. Na tafi ina gunaguni, da niyyar in kwantar da kujera in yi gyangyaɗi har su gama wasan yaransu.

Wayyo, abin da idona ya gani! Ta ajiye jirgin a kan ciyawa, ta tura wata 'yar ƙaramar sanda da ke jikin rimot da babban yatsa, farfela ta ɗauki kuka, ya ruga, ya ɗaga hanci, sai ga shi a sama. Ba hayaƙi, ba mai, batir ne kawai wanda bai fi sabulun wanka girma ba. Ya yi kwana, ya kifa, ya miƙe, ya dawo ya sauka daidai gaban takalminta. Hulata ta faɗi ban sani ba. Har suka tattara kayansu ina tsaye baki buɗe. Tun daga ranar ba ni da zance sai na jirgi. Ko ɗalibi na riƙe da sitiyari, in shirwa ta gilma sai na bi ta da ido ina nazarin yadda take kwana.

A hanyarmu ta komawa, tana kallon taga, ta ce in na sayi irin na masu koyo za ta koya mini kafin ta tafi. Ta sami aiki a wani gari mai nisa, kuma Asabar ce kawai ranar da suke zuwa filin.

Nan sai na gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekara takwas da suka wuce na ce zan koya mata mota. A rana ta uku, a shataletale, da wasu ɗalibai biyu a baya, ta saki kuloci da ƙarfi mota ta yi tsalle. Na taka birki, na daka mata tsawa, na ce mai kai irin nata ko keke bai kamata a ba shi ba. Ta buɗe ƙofa ta fita, ta koma gida a ƙafa. Daga baya ta je makarantar wani, abokin gasata ma kuwa, ta koya a can. Lasisinta a hannun mamanta na gan shi. Tun daga nan tsakanina da ita sai ina kwana da sai da safe. Ladabi kam ba ta rage mini komai ba, amma hira ta mutu. Wannan maganar da ta yi a mota ita ce karo na farko da ta nemi mu yi wani abu tare, kuma wallahi na ji daɗi ƙwarai.

Washegari na tafi shagon da ta kwatanta mini. Mai shagon ya sauko mini da wanda ta ce. Fari ne fat, an yi shi da irin soson nan da ake cusa wa talabijin a kwali, fukafukinsa a can saman gadon baya, farfelarsa tana kallon baya. Na ɗaga shi, ba nauyi, sai ka ce faifai. Raina ya ɗan sosu. Ina juyawa sai na hango wani rataye a silin: ja wur, hanci tsini, fukafukai a maƙe baya, irin na yaƙi. Mai shagon ya ce wannan gudunsa ya fi na motar da nake koyarwa da ita. Ya kuma ce ba na mai koyo ba ne, amma ni kunnena ya riga ya toshe. Na ɗauki hotonsa a waya.

Kuskuren da na yi, na nuna hoton a bakin gareji. Yanzu Mai Faci da Bakanike da duk masu zama a bencin sun san jan jirgi zan saya, har Kyaftin suke kirana. Mai Faci ya rantse zai rufe shago ya zo kallo. Ki gaya mini da wane ido zan dube su in na fito da farin soso?

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai. Injiniya ta yi mini bayani cewa ana haɗa rimot biyu da waya, nata da nawa. Tana danne da wani maɓalli, ni ke tuƙi. Da ta ga na nufi ƙasa sai ta saki, jirgi ya koma hannunta. Tana faɗa na gane abin. Birkina na biyu ke nan! Wato ni, a gaban samari da Mai Faci, 'yar da na haifa ce za ta riƙa ƙwace mini sitiyari.

Ta kuma zaunar da ni gaban kwamfutarta, inda ake gwada tashi ba tare da an fasa komai ba. Sau goma sha ɗaya na rotsa jirgin. In yana tafiya gaba lafiya lau, amma da ya juyo ya fuskance ni sai dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. Da na rikice sai in kashe masa totur gaba ɗaya, ƙafata ta dama kuma tana dukan siminti tana neman birki. A karo na tara na taka wutsiyar kyanwar gidan. Injiniya ta yi dariya har ta zame daga kujera, ni kuwa na tashi na ce kwamfutar ce ba ta da kyau.

Ga dabarar da na yanke, ki duba mini. Zan sayi jan, in ɓoye shi a but ɗin mota, in riƙa zuwa wani fili ni kaɗai tsakanin ɗalibi da ɗalibi. Mutumin da ya iya ribas da tirela a lungu, ɗan jirgin roba ba zai gagare shi ba. Ranar Asabar ta ƙarshe sai in bayyana da shi, in tayar, in sauke, ta ga cewa babanta ba na wasa ba ne. Matata ta ce hauka nake yi. Ni kuma zumuɗi ya hana ni tunani. Wanne zan saya?

Naki,
Mai Birki Biyu

*

Wa alaikumus salam, Malam Mai Birki Biyu. Na yi dariyar da ka ba ni izini, musamman a wajen kyanwa, Allah ya ba ta lafiya. Na kuma taya ka murna. Ba kowa ke kai shekara hamsin da takwas ya sami abin da zai sa hularsa ta faɗi ba.

Ni ban iya tayar da jirgi ba, don haka na kai wasiƙarka wajen wani maƙwabcina da ya daɗe a harkar. Amsarsa gajera ce: farin. Dalilansa kuma kai ka fi kowa saninsu. Jirgin da fukafukinsa ke sama, in ka saki sanda yakan nemi daidaita da kansa. Yana tafiya a hankali, ya ba ka lokacin tunani. Soson da ka raina shi ne rufin asirinka, don in ya karye ana liƙe shi da gam a ci gaba. Farfelar da ke baya kuma tana tsira in hanci ya daki ƙasa, kuma zai daka. Jan nan da ka ƙwallafa rai a kai, ya ce a hannun sabon shiga da wuya ya yi minti ɗaya a sama. Ka taɓa ɗora ɗalibin ranar farko a kan tirela don ya ce abokansa na kallo?

Ban raina gwanintarka ba. Natsuwa da hangen nesa da ka tara za su yi maka amfani ƙwarai. Amma abu ɗaya da jikinka ya haddace shi ne zai kayar da kai. A mota, in an rikice, tsayawa ita ce tsira. Jirgi in ya rasa gudu faɗowa yake yi. Ƙafar nan da ke dukan siminti sai an sake mata tarbiyya, kuma ba a ɓoye ake yin wannan ba. Fita kai kaɗai da jirgi mai gudun mota, a filin da ba ka san wa zai gilma ba, ganganci ne da ba za ka yafe wa ɗalibinka ba.

In ka koma shagon, ka nemi wanda ya zo da komai a kwali ɗaya, rimot da batir da caja, kuma ka tafi da Injiniya ta tabbatar rimot ɗin zai haɗu da nata. Ka ƙara batir ɗaya ko biyu, don kowanne 'yan mintuna yake yi, da farfela ta ajiya. Batirin nan kada ka bar shi a but ɗin motar da ke yini a rana, kada kuma ka sa shi caji ka fita. Ku riƙa tashi da sassafe kafin iska ta motsa, nesa da wayoyin lantarki da gidaje da babban filin jirgin sama, bisa dokar wurinku, wadda mutanen filin sun san ta. Kwamfutar nan kuma lafiyarta ƙalau. Ka koma mata kullum, ko na minti ashirin.

Batun 'yan benci, na san zolayar abokai tana da zafi, ba zan ce maka ba komai ba ce. Amma ka riga su. Ka yanka ɗan jan harafin L ɗin nan na masu koyon mota ka manna a wutsiyar jirgin, ka kai musu su gani. Wanda ya fara yi wa kansa dariya ya rage wa Mai Faci aiki. Jan jirgin kuma ba guduwa zai yi daga silin ba, ka bar shi sai baɗi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗora wasiƙarka a kan sauran. Ka tambaye ni jirgi, amma ka ba ni labarin shataletale. Malam, 'yarka ba ta rasa wanda zai burge ta da tashi ba, filin cike yake da su. Ɗalibi ta nema. Yarinyar da ka ce ko keke bai dace da ita ba, ta yi shekara takwas kafin ta ce maka zo mu sake zama gefe da gefe. Ka ce hira ta mutu tsakaninku, sai kuma ka rubuta da hannunka cewa ta yi dariya har ta zame daga kujera. Kai kuma ka tashi ka bar wurin. In ka bi dabararka, Asabar uku za ka ƙona kai kaɗai a wani fili, ta huɗun ka zo mata da tarkace a leda, sannan ta tafi.

Ka bar ta ta danne maɓallin. Duk lokacin da ta ƙwace jirgin, ka ce mata madalla, da ƙarfi, yadda samarin za su ji. Ka kuma lura da yadda take gyara ka, ko da tsawa ko babu, wataƙila ka samo wani abu da za ka kai wa ɗalibanka. Maganar shataletale, ka nemi gafararta a fili da bakinka, jirgi ba zai faɗa mata a madadinka ba.

Ranar Asabar ta farko, in kun gama kun saka farin a but, kada ka zagaya wajen sitiyari. Ka miƙa mata makulli, ka shiga kujerarka ta kullum. Birkinka na nan a gabanka, na sani. Ka cire takalmi, ka naɗe ƙafar nan a kan kujera, ka bar ta ta kai ka gida.

Allah ya sa a tashi lafiya a sauka lafiya, ya sa albarka a sabon aikin Injiniya, ya kuma dawo muku da hirarku kafin ta ɗaure kaya.